Inda Motar Baba Take Mutuwa

Sau biyar motar Baba ta mutu mana a hanyar Argungu cikin damina ɗaya, kuma duk sau biyar ɗin a wuri guda, gindin katangar maƙabartar da aka binne shi. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, na yi shekara ashirin da ɗoriya ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa komai da dalilinsa. Amma a karo na uku, da na ji injin ya yi tari ya ɗauke, na kasa juyawa in dubi mahaifiyata da ke zaune a kujerar baya.

Motar tsohuwa ce, 'yar Beljiyam, ruwan toka, mai giyar hannu. Baba ya saye ta ina ƙaramin yaro, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Shi manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, rabin rayuwarsa ya yi ta ne a tsugune gaban injin ban-ruwa, saboda haka bai ga abin da bakanike zai nuna masa ba. Motarsa ba ta taɓa kwana a gareji ba. Duk bayan 'yan watanni, ranar Juma'a da hantsi, sai ya buɗe bonet a ƙofar gida, ya kore mu daga wurin, ya yi ta 'yan ƙwaƙule-ƙwaƙulensa har a kira sallah. Ba wanda ya san abin da yake yi, ni kuma ban taɓa tambaya ba, don a lokacin ina ganin mai karatun boko ya wuce baƙin mai a farce.

Da ya rasu aka raba abin da ya bari, motar ta faɗo kaina. A cikin but na tarar da wani tsohon gwangwanin madara, a cikinsa akwai buroshin goge haƙori da ya koma baƙi ƙirin, da sufana ɗaya, da tsumma, da wata doguwar ƙusa da aka lanƙwasa bakinta. Na so in zubar, sai na ji ba zan iya ba. Na mayar da murfin na tura shi lungu.

Inna ta fita takaba da kumburin ƙafa. Likita a Birnin Kebbi ya ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa yana taruwa a jikinta, dole a riƙa kawo ta duk mako biyu a duba a daidaita magani. Ya faɗa mini a gefe, ba tare da kwana-kwana ba, cewa in aka yi sakaci ruwan zai hau ƙirji. Na roƙe ta ta dawo gidana a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi, ta ce ɗakin da ta yi shekara arba'in da biyar a cikinsa bai kore ta ba. Sai muka tsara haka: ran Laraba in na tashi daga makaranta in je Argungu in ɗauko ta, ta kwana wurina, ran Alhamis da safe mu ga likita, bayan la'asar in mayar da ita. Ƙanwata ce ke zaune da ita a can.

Karon farko ban ɗauke shi komai ba. Mun baro Birnin Kebbi lafiya, motar tana tafiya sumul, fadama ta yi shar dama da hagu, ruwa kwance a gonaki. Muna dab da shiga Argungu katangar maƙabartar ta bayyana a hannun hagu, gajeruwa ce, ta bulo, itatuwan dogon-yaro sun leƙo ta samanta. Inna ta fara yi wa mutanen ƙabari sallama a hankali kamar yadda ta saba. Sai na ji motar ta karkarwa, sitiyari ya yi nauyi, fitilun gaban direba suka kama ja gaba ɗaya. Ta gangara da kanta ta tsaya daidai wani wuri da katangar ta ɗan rushe.

Na murɗa makulli, ta yi tari ta ƙi. Na sake, haka. Na fita na buɗe bonet na tsaya ina kallon injin, kallon da ba shi da amfani, don ko sunan rabin abin da ke ciki ban sani ba. Bayan kamar minti goma na koma na murɗa, ta tashi garau, muka ƙarasa gida. Na ce gurɓataccen mai ne, na tsine wa gidan man a zuciyata, na manta.

Mako biyu bayan nan ta sake, a wurin, gaban wannan rushewar katangar. Washegari na kai ta unguwar Nasarawa wurin wani bakanike da abokan aikina suke yabo. Ibo ne, dattijo mai furfura a gemu, ya fi shekara talatin a Birnin Kebbi, Hausar Kabi a bakinsa ta fi tawa zama, don ni makaranta ta goge mini rabi. Na ce masa mota tana mutuwa a hanya, in ta huta ta tashi. Ban gaya masa inda take mutuwa ba, kunya ta hana ni. Ya kunna ta, ya saurara, ya zagaya gari da ita. Ya ce kwamfutarsa ba za ta yi mana amfani ba, motar ta girme ta, ko ramin da za a soka wayar babu. Ya sauya fulogi, ya sauya matatar mai, ya ɗaure kan batir.

"Malam," in ji shi, "ciwon da ka zuwa shi tahi, shi ad da wuya. Ga ta nan lahiya lau gabana. In ta sake, ka lura da abin da kake yi lokacin."

Na ce to. A raina na ce me nake yi kuwa ban da tuƙi.

Karo na uku shi ne wanda ya shige ni. Ranar babu iska ko kaɗan, rana ta yi sanyi amma gari ya yi ɗif. Tun daga nesa da na hango dogon-yaron na fara lallashin kaina. Na ce wa kaina an sa fulogi sabo, an sa matata sabuwa, babu abin da zai faru. Inna ta fara sallama. Motar ta karkarwa, ta ɗauke, ta gangara, ta tsaya a wurin nan dai, ko taku biyu ba ta kuskure ba. Shiru ya rufe mu. Ba abin da ake ji sai ƙarfen injin yana ƙas, ƙas, yana hucewa, da wata kurciya can cikin itatuwa. Ta rushewar katangar ina hango jerin ƙaburbura da fasassun tukwanen da aka kafa a kansu, kuma na san wanne ne na Baba, don ni na shiga ramin na karɓe shi.

Ban fita ba. Ta madubi na ga Inna ta sauke gilashi ta jingina kanta da ƙofa, fuskarta a kwance, ba alamar tsoro. Wannan natsuwar tata ta fi mutuwar motar tayar mini da hankali.

Na koma wa bakanike da faɗa. Ya karɓi makulli, ya tuƙa ta da kansa har Argungu ya dawo, washegari ya sake. Ya ce ko atishawa ba ta yi ba. A nan ne na zauna na yi lissafin da nake gudu. Kowace Laraba ni kaɗai nake bin hanyar nan, ina wuce katangar nan, motar ba ta taɓa ko gezau ba. In na ɗauko Inna muka fito daga Argungu muna wuce wurin, lafiya. Bakanike ya wuce sau huɗu, lafiya. Ba ta mutuwa sai in Inna tana ciki, kuma sai in gida muka nufa.

A karo na huɗu hadari ya haɗo daga gabas, sama ta yi baƙi, hasken ya koma wani iri, rawaya-rawaya. Motar ta mutu kamar yadda na san za ta mutu. Wannan karon akwai mutum a cikin maƙabartar, wani tsoho yana haƙa sabon ƙabari ba nisa da katanga, ya shiga rami har ƙugu. Da ya ji tsayuwarmu ya ɗago, ya jingina da magirbinsa. Bai dube ni ba. Ya dubi kujerar baya ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Sannan ya sunkuya ya ci gaba da haƙa.

Na san gaisuwa ce kawai, irin wadda kowane dattijo zai yi wa tsohuwa. Na sani. Amma ban sake duban wajen ramin ba.

Inna ta ce, muryarta a sanyaye, "Bari wahal da kanka, ɗana. Ba motab ba ta. Jirana shi kai."

Na ce, "Inna, wa ke jiranki?"

"Ka sani."

Na ce mata matacce ba ya tsayar da mota, kuma ita ta fi ni sanin haka, ita da ta koya mini karatun sallah. Ta ce ita ba ta ce shi ya sa hannu ya tsayar ba. Allah ne ke nuna wa bawa alama in lokacinsa ya matso, don ya kintsa, kuma ita ta gani ta gode. Ruwan ya sauko kafin motar ta tashi, muka shiga gari a cikinsa.

Larabar da ta biyo na je ɗaukarta ta ce ba za ta ba. Na ce zan kawo wata mota. Ta ce, "Wace mota za ka kawowa wadda ba ta bin hanyag ga? An riga an hwaɗa min, mi za ni nema wurin likita kuma?" Na dawo ni kaɗai. Bayan kwana uku ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta ce Inna ta raba atamfofinta, ta ba maƙwabciya tukunyar da take dafa wa Baba shayi, ta aika kasuwa an sayo farin alawayyo ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashi. Maganin ma sai an yi da gaske take sha. Zuwa biyu ta tsallake. Da na je na ga ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, in ta yi magana sai ta tsaya ta ja numfashi a tsakiya.

Na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗaga mata murya a cikin ɗakinta, na ce jahilci ne, na ce tsohon ƙarfe zai kashe ta tana kallo. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in sha ruwa, na sha rana. Na fito na zauna a cikin motar na kifa kai a sitiyari. Tsoro nake ji, ba fushi ba, kuma rabin tsoron na cewa ne wataƙila ita ke da gaskiya.

Da safe na tafi Nasarawa na gaya wa bakanike komai, da katangar, da ƙabarin, da alawayyon. Na shirya ya yi dariya. Bai yi ba. Ya goge hannu da tsumma ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

Can ya ce, "Ni na tuƙa, lahiya. Kai ka tuƙa kai ɗai, lahiya. Kai da Mama, ta mutu. Nauyin Mama bai kai buhun shinkahwa ba, mota ba ta san da ita ba. To in ba motar ka sauyawa ba, kai ka sauyawa. Ina son in zauna kusa gare ka ranar da taka ciki."

Na ce ai matsalar ke nan, ta ƙi shiga.

"Roƙe ta. Uwa ta."

Na roƙe ta, a durƙushe. Na ce ta ba ni zuwa ɗaya tak. Na yi mata alkawari, in motar ta mutu kuma aka rasa dalili, ba zan ƙara ce mata ta je asibiti ba har abada. Da maganar ta fita daga bakina na so in janye ta, don na san abin da na sa a kan faifai, kuma na san Inna ba ta manta alkawari. Ta dube ni ta ce to.

Likita ya yi faɗa sosai ran Alhamis, ya ƙara magani, ya so ya kwantar da ita ta ƙi. Bayan la'asar muka biya Nasarawa muka ɗauki bakanike. Ya sa riga mai tsabta, ya durƙusa ya gaishe ta, ya shiga gaba. Tun daga fitarmu gari ya zuba mini ido. Ba ya kallon hanya, ba ya kallon allurar gaban direba. Ƙafafuna yake kallo da hannuna, har na tsargu.

Dogon-yaron ya bayyana. Inna ta fara sallama, motar ta karkarwa, ta ɗauke, ta gangara zuwa wurinta.

"Kak ka taɓa komi," in ji bakanike. Ya fita da sauri ya buɗe bonet, ya ce in murɗa. Ta yi tari ta ƙi. Ya zaro sukundireba daga aljihu, ya juya ƙotar, ya ƙwanƙwasa wani abu a gefen injin, girmansa bai fi gwangwanin tumatir ba. Sau biyu ya buga. Na ji wani ɗan ƙaramin sauti, ƙit. Ya ce in sake murɗawa. Ta tashi nan take, ba minti goma, ba ko ɗaya.

Ya ce in kashe, ya zagayo ya leƙo ta taga. "Malam, wa ya koya ma sa mota firi a nan?"

Na ce ni ban sa ta firi ba.

"Ka sa. Mama na soma addu'a ka kashe rediyo, ka taka kuloci, ka hidda giya, ka ɗauke ƙahwa daga totur. Da idona na gani. Dubi giyarka."

Na duba. Tana firi. Na zauna ina kallon hannuna, sai abin ya dawo mini gaba ɗaya. Haka Baba yake yi. Duk maƙabartar da za mu wuce, in Inna ta fara sallama daga baya, sai ya kashe rediyo ya cire giya ya bar motar ta silale shiru, ya ce ba a yi wa na kwance ruri a ka. Tun ina zama a gaba ƙafata ba ta kai ƙasa ba nake ganin haka. Muryar Inna ce ke motsa hannuna, ni ban ma sani ba. In ni kaɗai ne kuwa, kullum a makare nake, a guje nake wuce ƙabarin ubana, in yi sallamar a baki ƙafata tana kan totur. Wannan ma sai a ranar na lura, kuma bai yi mini daɗi ba.

Bakanike ya ce abin da ya buga sunansa bawul ɗin i-ji-ar. Wata 'yar ƙofa ce da ke mayar da kaɗan daga hayaƙin salansa cikin injin. In mota ta yi zafi tana doguwar tafiya sai ƙofar ta buɗe, in an sassauta dole ta rufe ruf. Tamu ta toshe da dattin hayaƙi, in ta daɗe a buɗe sai ta maƙale. Muddin ƙafa tana kan totur injin yana da ƙarfin haɗiye hayaƙin, amma in aka sake shi gaba ɗaya daga gudu, hayaƙin sai ya shaƙe shi. In ƙarfen ya huce ƙofar ta faɗa da kanta, shi ne minti goman nan. In mun fito daga Argungu kuwa injin bai yi zafi ba tukuna, ƙofar ba ta buɗe ba balle ta maƙale.

Ya ce zai kwance ta a nan, Mama ta gani da idonta. Muka jira ƙarfen ya huce. Ya laluba aljihunsa, babu sufanar da ta dace, ya tambaya ko akwai kayan aiki a but. Na ce babu sai wani gwangwanin tarkace. Ya buɗe gwangwanin, ya ɗauki sufanar ya gwada, ta zauna daram a kan notin. Da ya ciro bawul ɗin ya juya shi, cikinsa cike da baƙin abu mai tauri. Ya ɗauki ƙusar nan mai lanƙwasasshen baki ya zura a ramin, lanƙwasar ta bi kwanar ramin daidai, kamar tare aka ƙera su. Ya kankare kaɗan ya ɗaga wa haske, a ƙarƙashin baƙin ga tsofaffin zane-zane birjik a jikin ƙarfen, na shekara da shekaru.

"Wa ad da gwangwanin ga?"

Na ce na Baba ne.

Ya ɗauki bawul ɗin da gwangwanin ya zagaya wurin Inna, ya tsuguna a bakin ƙofa. "Mama, dubi. Kunkunniya ta, irin ta rufin madahi. Ita ka hana ƙohwag ga rufewa, hayaƙi shi koma ciki shi kashe wuta. Maigidanki ya san da ita, shi ka share ta da ƙusag ga. Da yat tahi, babu wanda ya san ana sharewa. Wata da watanni tana taruwa."

Inna ta miƙa hannu, ba bawul ɗin ta ɗauka ba, buroshin ta ɗauka. Ta juya shi ta ce nata ne, ta neme shi ta rasa shekarun baya, ta tambayi Baba ya ce bai gani ba. Ta ɗan yi murmushi. Sannan ta ce, "Ashe dai shi na."

Na buɗe baki zan fara yi mata musu, bakanike ya taka mini ƙafa. Ya ce, "Shi na, Mama. Amma ba kira na ba. Aiki na yab bari, ɗanshi bai ɗauka ba."

Ya tsiyayi fetur ya wanke bawul ɗin da buroshin, ya sa ni na riƙe ƙusar na kankare da hannuna har ƙofar ta riƙa faɗawa da kanta, ya mayar ya ɗaure. Ya ce ba za a tabbatar ba sai an sake doguwar tafiya an saki totur a nan. Inna ta ce ta ji, za ta zo ta gani. Ƙanwata ta gaya mini daga baya cewa alawayyon ya bar ƙarƙashin matashi ya koma ƙasan akwati, amma ba a fitar da shi daga ɗakin ba.

Mako biyun nan ban yi barcin kirki ba. Ranar Alhamis muka taso, mu biyu. Katangar ta bayyana, Inna ta fara sallama, na kashe rediyo, wannan karon ina sane, na taka kuloci na cire giya na ɗauke ƙafa. Na zuba wa allurar ido. Ta sauko, ta sauko, ta tsaya cak ba ta faɗi ba. Motar ta silale shiru ta wuce rushewar katangar, ta wuce dogon-yaron, injin yana numfashinsa a hankali. Daɗi ya kama ni har na buga sitiyari. Na ce, "Kin gani, Inna? Kin gani?"

Na duba madubi na ga ta juya gaba ɗaya tana kallon baya ta gilashi, katangar tana nisa, hawaye yana bin kuncinta. Ta ce, ba da ni take ba, "Ko minti guda ba ta ba ni ba."

Sai a lokacin na gane abin da na yi wata uku ina kallo ban gani ba. A wurinmu mata ba sa bin gawa, ba sa shiga maƙabarta. Ranar da aka fita da Baba, iyakar Inna ƙofar ɗaki. Ni na san ramin, na san itacen, ina iya zuwa duk ranar da na ga dama, ban kuwa cika zuwa ba. Ita shekara arba'in da biyar tana kai masa ruwan alwala, kuma ba ta da hanyar zama kusa da shi sai wannan minti goman da lalatacciyar mota take ba ta. Ba za ta taɓa buɗe baki ta ce ɗanta ya tsaya da ita a bakin maƙabarta ba. Ni kuma na yi ta fafutuka har na gyara.

Na taka birki, na sa ribas, na koma da baya a hankali har daidai rushewar katangar. Na murɗa makulli na kashe injin da hannuna. Shirun nan ya dawo, da ƙas, ƙas ɗin ƙarfe.

Ta goge fuska da bakin mayafi ta sauke gilashi. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Ta wane gehe shike?"

Na nuna mata. Itace na biyu daga katanga, ta gabas da shi, inda aka kafa bakin tulu. Ta ce ai tun farko nan take kallo, ba ta dai tabbatar ba.

Daga ranar ba ta sake tsallake zuwa asibiti ba, shekara biyu da wata biyar. Tun ran Talata take sa ƙanwata ta kira ni ta tuna mini. Likita yana yaba mata, yana cewa da duk tsofaffinsa haka suke da ya huta, ita kuma sai ta ce Allah ya yi masa albarka, ta dube ni ta gefen ido. Duk dawowa nakan tsaya in kashe mota, ta yi minti gomanta, wani lokaci ta ba shi labarin farashin albasa a kasuwar Augie ko wanda aka haifa a gidan, sannan ta ce mu tafi.

Yanzu tana ciki, itace na huɗu, alawayyon nan aka sa mata. Motar tana nan wurina. Duk bayan wata uku ran Juma'a da hantsi nakan buɗe bonet a ƙofar gida a Badariya, in fito da gwangwanin, in kankare da ƙusar. Ba ni da abin da zai kai ni Argungu ran Alhamis, amma ina zuwa. In na hango dogon-yaro nakan kashe rediyo in cire giya, ba mai sallama daga baya, allurar ta sauko ta tsaya ba ta faɗi ba. Wani lokaci nakan ɗan jinkirta, hannuna a kan makulli, ko za ta mutu da kanta. Ba ta mutuwa. Ni nake kashe ta.